"Mun Yafe": Wa Ke Cin Ribar Yafiyar Iyalin Wanda Babbar Mota Ta Kashe?

Duk wanda ya san ƙauyukan gundumar Dakoro ya san yadda abin ke tafiya. Babbar mota ta banke mutum a bakin kasuwa ko a gefen hanya, aka yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Bayan kwana biyu ko uku sai ga tawaga: mai motar ko wakilinsa, da wani dattijo daga ƙungiyar direbobi, wani lokaci har da liman. Sun zo da buhun shinkafa da goro da 'yan kuɗi a ƙunshe. A yi addu'a, a yi gaisuwa, sannan wan mamaci ko baffansa ya ce: "Kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe duniya da lahira." Jama'a su ce madalla, a shafa fatiha, a watse. Matar mamacin tana ɗaki tana takaba, ba wanda ya tambaye ta. 'Ya'yansa kuwa ba su kai sanin abin da aka yafe ba.

Yafiya halin ƙwarai ce, ba mai musun haka. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a zaman makoki: wa aka yafe wa? Mutane suna zaton direba suka sauke wa nauyi, talaka ɗan'uwansu mai neman abin kai wa bakin salati. Alhali a dokar da Nijar ke aiki da ita, diyyar ba daga aljihun direba take fitowa ba. Kamfanin inshora ne zai biya, abin nan da direbobinmu ke kira asirans, kuma ya riga ya karɓi kuɗinsa a hannun mai mota tun kafin hatsarin ya auku. In iyali suka yi shiru, haƙƙin marayu ya yi zamansa a asusun kamfani a Yamai.

Rumbu da manyan motoci

Ƙaramar hukumar Rumbu tana arewacin jahar Maraɗi, a yankin kwarin Tarka, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara. Ba wuri ba ne na cunkoson ababen hawa, amma rayuwar mutanenta a ɗaure take da manyan motoci. Su ke kwasar shanu da raƙuma da awaki daga kasuwannin dabbobi irin ta Sakabal, su bi ta Dakoro da Kornaka da Sabon Maci, su faɗa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Daga Maraɗi wasu su miƙe Ɗan Isa, su tsallaka Jibiya zuwa Katsina da Kano. Su ne kuma ke dawowa da siminti da taki da kayan masarufi. Kasuwa a ƙasar Hausa bakin hanya take ci, saboda haka mai tallar fura da yaro mai kora jaki da tsohuwa mai ƙwarya a ka duk a gaban taya suke yini. Samarin da ke fita cin rani kuwa, da ƙafa suke yawon neman abinci a garuruwan da tirela ke ratsawa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Afirka ce kan gaba a yawan mace-mace in aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce ta fi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma nuna cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi. Wannan lissafin ƙaramar mota ne. Ina ga wadda aka yi wa lodi har ya zarce ƙa'idar nauyin da ƙungiyar UEMOA ta kafa tun 2005, ga birki ya ci, ga direba ya kwana biyu bai runtsa ba?

Inda wannan haƙƙi ya samo asali

Turawa ma ba da sauƙi suka yarda a nemi diyyar rai a kotu ba. A 1808 wani alƙalin Ingila, Lord Ellenborough, ya yanke cewa mutuwar mutum ba abin da za a shigar da ƙarar neman diyya a kansa ba ne. Sai ya zama wanda ya karya maka ƙafa zai biya, wanda ya kashe ka kuwa ya tsira. Da jiragen ƙasa suka yawaita, gawawwaki suka yi yawa, majalisar Ingila ta yi dokar 1846 wadda ta ba da damar a kai ƙara domin mata da miji da iyaye da 'ya'ya. Daga can Najeriya ta gaji nata tsarin.

Nijar kuwa ta Faransa ta gada, kuma shari'ar da ta kafa tushen abin a can, ta babbar motar kaya ce da mai tafiya a ƙasa. A tsakiyar shekarun 1920 motar wani kantin ciniki na garin Belfort ta banke wata yarinya tana tsallaka titi, ta ji mata mummunan rauni. Uwarta ta kai ƙara. Kamfanin ya ce sai an kawo shaidar sakacin direbansa. Bayan an sha fama, ranar 13 ga Fabrairu 1930 kotun ƙolin Faransa ta yanke hukuncin da ake kira na Jand'heur: wanda abin da ya yi ɓarna ke hannunsa shi ke da alhaki, kuma cewa bai yi sakaci ba ba zai fisshe shi ba. Ayar doka ta 1384 da kotun ta dogara da ita tana nan cikin dokokin Nijar, ita ce kuma ke ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Ranar 5 ga Yuli 1985 Faransa ta ƙara matsawa gaba da dokar da ke ɗauke da sunan ministan shari'a Robert Badinter, wadda ta ba mai tafiya a ƙasa kariya ta musamman.

A kan wannan turba aka gina dokar da ke aiki a Rumbu yau. Ranar 10 ga Yuli 1992 aka rattaba hannu a Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, ƙungiyar da ke kula da harkar inshora a ƙasashe 14, cikinsu har da Nijar da Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi. Kundin dokokinta ya fara aiki ranar 15 ga Fabrairu 1995.

Abin da dokar CIMA ta tanada

Abu na farko, kowace mota mai hawa hanya dole ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba: laifin mai tafiya a ƙasa ba ya hana diyya. Direbobi kan ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, ai shi ya faɗo titi bai duba ba. Ayar doka ta 228 ta toshe wannan ƙofa. Ko mamacin ne ya tsallaka ba a kan ƙa'ida ba, za a biya magadansa, sai fa in da gangan ya jefa kansa don ya halaka. Na uku, ko da direban ba shi da lasisi, kamfanin ba zai fake da haka ya hana iyali ba. Zai biya su tukuna, sannan ya bi mai motar ya karɓi kuɗinsa.

Dokar ta shimfiɗa hanyar da za a bi daki-daki. Jandarma ko 'yan sandan da suka auna wurin hatsari za su aika wa kamfanin inshora takardar bincikensu cikin wata uku. Kamfanin shi ne zai nemi magada ya yi musu tayin diyya cikin wa'adin da aka ƙayyade, ko sun nema ko ba su nema ba, in ya yi jinkiri kuma akwai tara a kansa. In an daidaita, magada suna da kwana 15 na janyewa idan sun ga ba a bi ƙa'ida ba. In cikin magadan akwai ƙananan yara, sai an gabatar da sulhun ga wanda ke raye cikin iyayensu, in babu kuma ga alƙalin da ke kula da marayu ko majalisar iyali, kafin ya tabbata. Ba a zuwa kotu kan kuɗi sai wa'adin tayin ya cika ba a daidaita ba. Ƙofar ƙara kuma tana rufewa bayan shekara 5 daga ranar hatsari.

Gefe guda akwai shari'ar laifi. Kisan kuskure laifi ne a kundin hukunce-hukuncen Nijar, da ɗauri da tara, kuma mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke riƙe da ita. Yafiyar iyali tana iya sassauta zuciyar alƙali, amma ba ita ke rufe wannan shari'a ba. Ashe ke nan abubuwa biyu ne daban: hukuncin direba, da haƙƙin magada.

Nawa ne kuɗin? Nan ne dokar ke da abin yabo da abin zargi. Ba a bar wa alƙali ya yanke yadda ya ga dama ba, akwai ma'auni a rubuce. Ana biyan kuɗin jana'iza, da asarar abin da mamaci ke ciyar da iyali da shi, da kuma raɗaɗin rashi. Asarar ciyarwa ana lissafa ta ne daga abin da mamacin ke samu a shekara, a raba wa mata da 'ya'ya gwargwadon kaso da shekarun kowa. In ba takardar da ke nuna samunsa, sai a koma ga mafi ƙarancin albashi na ƙasa. A Nijar wannan albashi ya tsaya kan sefa 30,047 a wata tun 2012, sai a Janairun 2024 ya koma 42,000, wato jika 504 a shekara. Raɗaɗin rashin miji ko mata an ƙiyasta shi kashi 150 cikin ɗari na wannan, jika 756 ke nan. Makiyayin Tarka da ke sayar da bijimai duk shekara ba shi da takardar albashi, don haka dokar za ta auna shi da lebura mafi ƙarancin samu. An yi wannan ma'auni da iyakar da aka sa wa kuɗin diyya ne domin kamfanonin inshora na yankin sun kusa durƙushewa kafin 1992, aka ceto su. A 2014 an ɗaga wasu kason, amma har yanzu ran talaka da araha yake a wannan sikeli. Duk da haka, in aka haɗa kason mata da na 'ya'ya da na iyaye, abin yakan kai miliyoyi. Ga gidan da ya rasa mai noma masa, wannan shi ne bambancin yaro ya zauna makaranta ko ya tafi bara.

Me addini ya ce?

Babban abin da ke hana mutane nema shi ne kunya da tsoron Allah. Za ka ji ana cewa, "Mu ba ma cin kuɗin jini." Sai dai Alƙur'ani da kansa, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, ya ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure abu biyu: kaffara, da diyya da za a miƙa wa iyalin mamaci, sai in su suka bar ta sadaka. A mazhabar Malikiyya diyyar raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari dubu ya kai kilo huɗu da kwata na zinariya, abin da a farashin yau ya haura sefa miliyan 100 nesa ba kusa ba. Wanda ke ganin kuɗin CIMA sun yi yawa, sai ya duba wannan.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar maganar abin hawa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ɗora hatsarin mota a kan irin waɗannan ƙa'idoji, ta kuma ce bin dokokin hanya wajibi ne.

Abubuwa uku na fiƙihu sun cancanci a riƙa faɗarsu a wa'azi. Na ɗaya, diyyar kuskure ba a kan mai kisan shi kaɗai take ba. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku. Musulunci tun farko ya raba nauyin a kan jama'a don kada mutum ɗaya ya karye, magada kuma kada su tashi a tutar babu. Malamai da dama na wannan zamani, har da masu ƙyamar inshorar kasuwanci, sun halatta wa magada karɓar haƙƙinsu daga kamfanin da ya tsaya wa mai ɓarna. Na biyu, diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiya. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin matar Ashyam, wadda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba ta gado daga diyyar mijinta, kuma Sayyidina Umar ya koma kan wannan da labarin ya iso masa. Na uku, kowa kasonsa kawai yake iya yafewa. Baffan da ɗa namiji ya kange shi daga gado ba shi da abin yafewa ko kaɗan, waliyyi kuma ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar maraya. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuwa tana kan direba, ko an yafe ko ba a yafe ba, ba kamfanin da zai ɗauke masa ita.

Inda gizo ke saƙa

Ko iyali sun ƙudura neman haƙƙinsu, akwai shingaye a gabansu. Na farko takardu. Dokar tana neman takardar mutuwa, da shaidar likita kan abin da ya yi sanadi, da hukuncin kotu mai tabbatar da magada, da shaidar cewa suna raye, da takardun haihuwa da na aure. A karkara aure a masallaci ake ɗaura shi da goro da shaidu, yara da yawa ba a yi musu rajista ba, mamaci kuma an binne shi kafin likita ya gan shi. Kowace takarda da ta ɓace sai an je kotun Dakoro an nemi hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu da kuɗin mota da yinin da aka bar gona. Matar da ta fi kowa haƙƙi kuma tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, daidai lokacin da ya kamata a fara tattara su.

Na biyu, wurin hatsarin kansa. Direba yakan tsere don tsoron kada jama'a su far masa, wani lokaci kuma a ƙona motar. Fushin yana da dalili, amma wutar da ta ci mota takan ci takardar inshora da duk wata shaida. In jandarma ba su zo sun auna ba, ko ba wanda ya riƙe lambar mota, to ba takardar bincike, in kuwa babu ita kamfani ba ya ko buɗe fayil. Kundin CIMA ya tanadi kowace ƙasa ta kafa asusun da zai biya waɗanda motar da ta gudu ko marar inshora ta kashe, Senegal tana cikin waɗanda suka fara. Irin wannan asusu ba ya amfanar kowa sai in mutumin ƙauye ya san da shi kuma yana iya kaiwa gare shi.

Na uku, iyaka. Motoci da yawa da ke loda dabbobi lambar Najeriya gare su. Don irin wannan ne ƙungiyar CEDEAO ta ƙirƙiro katin inshora na tsallaka iyaka a 1982. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, don haka wajibi ne hukuma ta fayyace wa talaka ƙofar da zai buga idan baƙuwar mota ta kashe masa ɗan'uwa.

Na huɗu, nisa da 'yan tsakiya. Manyan ofisoshin kamfanonin inshora a Yamai suke, mafi yawan lauyoyin ƙasar ma can suke zaune. Wannan giɓi ne ya haifar da dillalan da ke bin gidajen makoki, su karɓi wakilci a hannun wanda bai iya karatu ba, su dangwala masa yatsa a takarda, in kuɗi sun fito su miƙa masa abin da suka ga dama. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don ba marasa ƙarfi taimakon shari'a kyauta, da rassa a manyan kotunan jahohi, amma mutum nawa ne a Rumbu suka taɓa jin sunanta?

Ko tsarin Amurka ya fi?

A Amurka irin wannan ƙara babbar harka ce. Dokar tarayya ta wajabta wa motar kaya mai ratsa jihohi inshorar da ba ta gaza dala 750,000 ba. Lauya yana karɓar shari'a ba ko sisi, in an ci ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda ake zaɓowa daga jama'ar gari, suna iya yanka wa kamfani miliyoyin daloli. Lauyoyi kan tono littafin awannin tuƙi da tarihin gyaran birki, su nuna cewa ubangida ne ya matsa wa direba. Amfanin wannan a fili yake: kamfani yana tsoron kotu, don haka yana kula da motarsa. Illarsa kuma ita ce shari'a tana ɗaukar shekaru, sai an tabbatar da sakaci, kuma laifin mamaci yana rage diyya, a wasu jihohin ma ya soke ta. Tsarin CIMA ya zaɓi kuɗi kaɗan amma tabbatattu, ba tare da jayayya kan laifi ba. Ga matar ƙauye wannan ya fi dacewa, da sharaɗin kuɗin su iso hannunta. In ba su iso ba, an yi biyu babu: ba diyya mai tsoka, ba kuma mai sauri.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka kafin a fara. Sarakuna da masu gari, waɗanda doka ta ba ikon sasanta jama'a, su raba magana biyu a duk zaman sulhu: yafe wa direba daban, haƙƙin da ke kan kamfani daban, kuma kada a rufe magana sai an ji ta bakin matar mamaci. Limamai su koyar da babin diyya kamar yadda suke koyar da na haƙuri. Ƙananan hukumomi su sauƙaƙa rajistar mutuwa da ta aure, kotu kuma ta riƙa fita ƙauyuka ranar kasuwa tana ba da takardu. Jandarma su miƙa wa iyali kwafin takardar bincike da sunan kamfanin da ya yi wa motar inshora. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da gidajen rediyon karkara su bayyana waɗannan matakai da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Masu sa ido kan inshora a ma'aikatar kuɗi kuma su riƙa tambayar kowane kamfani: gawa nawa aka kawo maka rahotonta bana, gida nawa ka biya?

Neman diyya yana da wani amfani da ya wuce gidan mamaci. Kamfanin da ke biya da gaske zai ƙara wa mai motar da ta cika kisa kuɗin inshora, ya tambaye shi lafiyar birki da lasisin direba. Mai mota kuma in ya ji a aljihunsa, zai daina tura yaro da lodi ya ce lallai ya kwana Kano. Muddin kisa bai fi buhun shinkafa tsada ba, gyaran birki zai ci gaba da zama asara a idon mai mota. Iyalin da aka kashe musu mutum cikin shekara 5 da suka wuce, waɗanda ba su sa hannu a wata takarda da kamfanin inshora ba, su sani har yanzu suna da damar nema. Matakin farko shi ne a je ofishin jandarman da suka auna hatsarin, a nemi lambar takardar bincike da sunan kamfanin.